ARAHAR NESA DA TSADAR ƘOFAR GIDA

'Yar uwa, akwai wani abu a tarihin Kano da ya daɗe yana ba ni mamaki, kuma ban cika jin masu ba da labari suna haɗa shi wuri ɗaya ba. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ce ya kafa Kasuwar Kurmi. Shi dai wannan littafin kuma, da ya zo lissafa abubuwan da Rumfa ya faro, sai ga kulle a ciki. Kin ga ke nan a zamanin sarki guda aka yi wa garin babbar kasuwa, aka kuma ce wa mata su zauna a ɗaka. Gaskiya ne kullen a gidan sarki da gidajen manya ya fara, bai game talakawa ba sai can baya, musamman a ƙarni na 20. Amma tun daga wancan lokacin tambayar nan take biye da mu: ga kasuwa can, ga mai girki nan, to wa zai je, a ƙafa ko a kan me, kuma wane aiki za a ajiye kafin a je a dawo?

Yau in mata suka haɗu a gidan suna ko biki ba a rasa wannan hirar. Wata ta ce ita ba ta sayen shinkafa da taliya sai a Singa, wata ta ce kayan miya in ba 'Yan Kaba ba duk cuta ce, wata kuma ta taɓe baki ta ce ita mai tiredan ƙofar gidansu ya ishe ta. Kowacce gani take ta fi 'yar uwarta wayo. Abin da na lura da shi, farashi kawai ake faɗa, kwano nawa can, kwano nawa nan. Da wuya ki ji an sa kuɗin mota a ciki, balle wunin da aka kashe a hanya. Alhali kuwa kakanninmu da ba su taka makarantar boko ba da wannan lissafin suka rayu, shi ya ma tsara musu ranakun kasuwanninsu.

A 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya zo Kano ya yi makonni, ya rubuta abin da ya gani a Kurmi. Ya ga rumfuna layi-layi, kowace sana'a da ɓangarenta, ga sarkin kasuwa shi ke ba da hayar rumfa yana lura da ciniki. Daga cikin abin da ya burge shi har da maganar dillalai. Ya ce in mutum ya sayi riga ko turkudi a Kurmi, ya ɗauke ta a naɗe har Barno, ya kwance ya tarar da aibi, to yana iya maido da ita, domin ana rubuta sunan dillalin a cikin ƙunshin, shi kuma dole ya nemo wanda ya sayar a mayar da kuɗi. Ki tsaya ki duba wannan da kyau. 'Yan Kurmi sun san manyan masu sayensu daga nesa suke zuwa, kuma wanda ya yi tafiyar makonni ya riga ya biya rabin kuɗin rigar da ƙafarsa tun kafin ya taya. In aka ƙara masa da fargabar algus a kan wahalar hanya, baɗi ba za a gan shi ba. Wato tun shekara 200 da suka wuce kasuwa ta san cewa nisa kuɗi ne, kuma in tana son mutum ya taso daga nesa sai ta ba shi abin da zai rufe masa wannan nisan.

Su kansu kuɗin lokacin wahala ne. Wuri ake kashewa. Da wani Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa ɗaya, kuma a lissafinsa iyali guda suna iya rayuwa cikin wadata da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara, har da sutura. Wuri 20,000 shi ake kira keso, kuma keso ɗaya kayan ƙato guda ne a ka. To ki ƙaddara mai son yin babbar sayayya: sai ya nemi wanda zai ɗaukar masa kuɗin zuwa kasuwa, sannan a shimfiɗa tabarma a zauna ana ƙirgawa biyar-biyar, mai saye ya ƙirga, mai sayarwa ya sake ƙirgawa. Kafin a gama rana ta yi nisa. Duk wadda ta sha layin banki ko na mai POS a farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace, ta ɗan ɗanɗana irin wannan, wato ka wahala a kan kuɗinka tun kafin ka wahala a kan kaya.

A ƙauye kuwa sai aka yi wata dabara. Maimakon kasuwa ta ci kullum, sai kowane gari ya ɗauki ranarsa. Har yanzu abin yana nan, Wudil Juma'a, Dambatta Lahadi, Maigatari Alhamis. Dalilin a fili yake. Manomi ba zai bar gona kullum don sayen gishiri da kanwa ba, musamman da damina lokacin da wuni ɗaya na noma yake iya raba mutum da damin hatsi. Sai ya tara buƙatunsa na mako ya yi musu tafiya ɗaya, ya kai abin sayarwa ya dawo da abin saye kafin duhu. Ɗan koli shi ma ƙauye guda ba zai ishe shi ciniki kullum ba, don haka shi ke zagayawa, yau nan gobe can. Nisan da ke tsakanin kasuwa da kasuwa ƙafar mutum da ta jaki ce ta auna shi.

Amma inda za ki ga lissafin nan tsirara shi ne wajen fatake. Goro ba ya fita a ƙasar Hausa, daga dazukan Asante yake zuwa, a ƙasar Gana ta yanzu, kuma babbar kasuwarsa a da ita ce Salaga a ƙasar Gwanja. A can goro araha ne, a Kano kuwa abin sarakai da attajirai. Me ya hana kowa ya je ya sayo nasa? Hanya. Ayari yakan tashi da madugu da jagaba da ɗaruruwan jakuna, zuwa da dawowa ya ci wata shida, wani lokaci har shekara. A hanya a biya fito a bakin kogi, a biya sarakunan da aka ratsa ƙasarsu, a yi tsaron 'yan fashi, ga goron kansa ɗan lele ne, sai ana kwance shi ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace. Farke ya bar gonarsa, ya bar matansa da 'ya'yansa, wani ya dawo ya tarar an yi haihuwa an yi suna har yaro ya fara zama. Saboda haka in ya zo Kano ya ninka kuɗin goro, wanda ya saya a hannunsa watannin nan yake biya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da wannan sana'a suka yi suna, kuma ba wanda yake musu kallon macuta don sun ci riba a kan tafiyar da shi ba zai iya ba.

Sai zamani ya juya. Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, Salaga ta fara ja da baya, ga jiragen ruwa suna zirga-zirga a bakin teku. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, Ba'agale ne, gidan fatauci ya tashi, kuma yana cikin na farko-farkon da suka gane cewa a ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko ya fi a bi shi da jaki ta daji. A taswira hanyar ta yi zagaye, amma a kwanaki ta fi gajarta nesa ba kusa ba. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai tafiyar da take cin watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Wanda ya nace wa jaki yana juya jarinsa sau ɗaya a shekara, wanda ya bi jirgi yana juya nasa sau da yawa. Ko da ribar kowace tafiya ta ragu, a ƙarshen shekara ba a haɗa su. Lokacin da Ɗantata ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, goro da gyaɗa suka kai shi.

Jirgin nan shi ya fara ja wa Kurmi kishiyoyi. Kantunan Turawa suka kafu kusa da tasha, Kwarori suka zauna a Fagge da atamfofinsu har wurin ya zama Kantin Kwari, Sabon Gari ta tashi da tata kasuwar. Mutumin cikin birni da a da ƙofar gidansa da Kurmi ba nisa, yanzu sai ya fita ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Nassarawa in yana son kayan zamani. Daga nan aka fara samun kasuwa fiye da ɗaya a gari ɗaya, aka fara cewa can ya fi araha.

To ina mata a duk wannan labari? Nan ne fa nake so ki ba ni hankalinki, don littattafan tarihi sun cika da sarakuna da madugai, kamar tuwo da kansa yake tuƙa kansa. Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta lura da wani abu da jami'an gwamnati ba sa sa shi a lissafi. Ta ga hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dafaffen abinci ana cinikinsu sosai a garin, amma a cikin gidaje, a hannun matan kulle, yara ne ke kai da komowa. A 1969 ta rubuta maƙala a kan wannan ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa, ta kwatanta gidajen da saƙar zuma, kowane rami da abin da ke cikinsa. Mu ba sai an faɗa mana ba, mun tashi mun ga gidan mai koko, gidan mai daddawa, gidan mai awo. Amma ki lura da hikimar da ke ciki. Matar da ba ta fita ta jawo kasuwa ta shigo mata gida. Tana surfe, tana goyo, tana duba tukunya, ciniki kuma yana tafiya. Maƙwabciyarta da ta aiko a auna mata gero ta san ya fi na kasuwa tsada da kwabo ɗaya ko biyu, ta kuma san kwabon nan shi ya sayo mata zaman gida da aikin da ba ta ajiye ba.

Dillaliya ma haka. Ta ɗauko atamfa da kwanuka da sarƙa ta bi gida-gida, ta ɗora la'adarta, a biya ta kaɗan-kaɗan ko a jira kwasar adashi. Sau da yawa ana zaginta a bayan ido wai ta cika tsawwalawa. Ni dai ban ga laifinta ba, ƙafarta take sayarwa, irin ta farken Gwanja, sai dai nata ayarin daga Kwari zuwa lungu ne.

Sai dai kuma a faɗi gaskiya, wannan tsari yana da wanda yake biyan kuɗinsa a ɓoye, wato yara. Wata mai bincike daga Amurka, Enid Schildkrout, ta yi aiki a cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matar kulle take tsaye a kan ƙafar 'ya'yanta: su ne 'yan aike, su ne 'yan talla, su ke sayo kayan miya su karɓo canji. A da ana ganin lokacin yaro kyauta ne, in bai je aike ba wasa zai yi. Da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai lokacin yaro ya yi kuɗi. Yarinyar da ke ɗauke da farantin talla da hantsi, akwai ajin da babu ita a ciki. Masana tattalin arziki suna da sunan da suke kiran wannan, ma'anarsa dai ita ce kowane abu da ka zaɓa, kuɗinsa na gaskiya shi ne abin da ka bari domin shi. Mu kuwa tuni muka ce ba a tauna taura biyu. Uwar da ta tura 'yarta Kasuwar Rimi ran makaranta don a rage naira kaɗan a kan kayan miya, ta sami ragin, amma da karatun 'yar ta biya, kuma ba ranar za ta ga ramin ba. Wannan ita ce arahar da ta fi kowace tsada a wurina, kuma har gobe ana yin ta.

Shekarun man fetur suka zo. Naira ta maye gurbin fam da sule a 1973, kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, matan manya suka koyi shiga Kingsway da Leventis a mota, a tura keken kaya a biya abin da aka rubuta ba tayi ba ragi. Ba a daɗe ba abin ya juye. A 1984, zamanin mulkin soja na Buhari, madara da sukari da sabulu da shinkafa suka yi wuya, gwamnati ta riƙa sayar da su a kan farashinta, mutane suka riƙa kafa layi tun asuba soja na tsaye da bulala. A takarda kayan nan araha ne. Amma wanda ya wuni a layi ya bar shagonsa a rufe ko ofis ɗinsa ba kowa, wani ma layin ya zo kansa a ce kaya sun ƙare. Nan da nan sai ga masu sana'ar bin layi, su saya a farashin gwamnati su sayar a bayan fage da tsada, masu abin yi kuma suka gwammace su saya a hannunsu. Ba a rasa komai ba sai sunan araha.

Kano kuma tana ta faɗi. Unguwanni suka tsallake ganuwa suka yi ta tafiya, kasuwanni suka rarrabu kowacce da abin da ta ƙware a kai. Hatsi ya koma Dawanau a hanyar Katsina, kayan gwari 'Yan Kaba a hanyar Haɗeja, kayan marmari 'Yan Lemo a hanyar Zariya, kayan masarufi Singa, atamfa da leshi Kwari, robobi da gwanjo Ƙofar Wambai. Kowacce ta fi araha a kan abinta, sai dai ba wadda take kusa da 'yar uwarta, kuma wadda ta ce sai ta bi kowanne a inda ya fi sauƙi, to ta zagaye Kano kaf kafin ta haɗa tukunya ɗaya. Shi ya sa tarihin cefanenmu na shekarun baya-bayan nan tarihin abin hawa ne. Litar fetur da take kwabo 70 a farkon 1993 ta koma naira 11 kafin ƙarshen 1994. Muka yi zamanin hayis da tasi, muka yi na acaɓa, aka kawo A Daidaita Sahu a 2005 zamanin Malam Ibrahim Shekarau, da farko ma domin mata aka kawo ta. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa ɗaukar fasinja, kowa ya koma ɗan sahu. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Duk lokacin da aka yi irin wannan, kasuwar nesa tana ƙara nisa ba tare da ta motsa daga inda take ba, mai tiredan lungu kuma yana ƙara daraja.

Ko manyan kantuna ba su tsira ba. Shoprite ta buɗe a rukunin kantunan Ado Bayero da ke titin Gidan Zoo a 2014, aka yi ta tururuwa, wasu sayayya wasu ɗaukar hoto. A watan Janairun 2024 ta rufe reshen nata na Kano. Kurmi kuwa mai shekara sama da 500 tana nan tana ci.

Bari mu yi lissafin a fili, amma kuɗin da zan faɗa na misali ne, ke ki sa na unguwarku da na ranar da kike karantawa. Mu ƙaddara kina zaune a Na'ibawa, kina ɗinki a gida, aka ce miki kwanon gero a Dawanau ya fi na mai awon layinku sauƙi da naira 200. Kwano 5 kike buƙata, ragin ya zama naira 1,000. Daga Na'ibawa zuwa Dawanau sai kin ratsa gari daga wannan baki zuwa wancan, mota biyu ko uku zuwa, haka dawowa, mu ce naira 1,500. Tun a nan an riga an ci ki. Ki ƙara ɗan dako, ki ƙara ruwan leda da abin da za ki riƙo wa yara don ba a dawowa daga kasuwa hannu biyu. Sannan ki zo kan babban, awa huɗu ko biyar da keken ɗinkinki yake rufe, riga ɗaya ko biyu da kin gama kin karɓi kuɗinsu, ga mai kaya ta zo ta tarar ba kya nan ta tafi da fushi, ga abincin rana ya koma na la'asar maigida ya dawo yana cin magani. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Yanzu ki juya shi. Buhu guda za ki saya, wajen kwano 40. Ragin ya zama naira 8,000, kuɗin motar kuwa kusan yana nan yadda yake, sai ɗan ƙarin na buhu. Nan tafiya ta biya kanta har da saura. Hanya ɗaya ce, kasuwa ɗaya ce, mace ɗaya ce, yawan kayan ne ya sauya hukuncin. Shi ya sa kayan lefe ko kayan ɗaki ba wanda zai ce a saye su a lungu, dole a shiga Kwari da Sabon Gari a wuni ana zagaye, don ragin turmi ɗaya in aka ninka shi sau ashirin ya fi ƙarfin kuɗin mota, ga zaɓi, ga ganin kaya da ido. A nan kam zuwa da kai ya fi aike.

Amma sarin ma yana da nasa tarkon, kuma ba a cika faɗa ba. Kuɗin da kika zuba a buhu sun kwanta, in jarin sana'arki ne to kin ɗaure shi wata biyu ko uku ba ya haihuwa. Wake in ba ki iya ajiyarsa ba ƙwari su riga ki. Kwandon tumatir da rani, lokacin da na Kadawa da Kura ya cika gari, araha ne kamar a ce kyauta, amma in ba za ki yanka ki shanya ko ki dafa ki adana ba, kina dogara da firji a garin da wuta take zuwa ta leƙa ta koma, to rabinsa na bola ne. Akwai kuma wani abu da kowace uwargida ta sani ba ta faɗa: abin da yake da yawa a ɗaki hannu ya fi sake masa. Buhun shinkafa a buɗe, maƙwabta sun sani, dangin miji sun sani, ke kanki awonki ya fi na ranar da kwano ɗaya ne a gidan.

Mai tireda kuma yana sayar miki da abin da Singa ba za ta ba ki ba. Ya buɗe tun safe har dare, ya sayar miki da magi biyu da man gyaɗa na cokali, ya rubuta ki a littafi ran da wata ya yi nisa. Ranar da baƙi suka yi miki dirar mikiya da magariba, shi za ki tura wa yaro. In duk unguwa suka ƙaurace masa sai ran da suka matsu, rufewa zai yi, ran nan kuma kowa ya san amfaninsa. Ba ina cewa a bar shi ya yi yadda ya ga dama ba ne, akwai masu bugaggen kwano da masu ninka farashi don sun ga mata ba sa fita. Maganinsu ki san farashin babbar kasuwa ko da ba za ki je ba, kuma tun da wayar salula ta shigo a 2001 wannan ya zama abin kira ɗaya. Yanzu ma dillaliyar ta koma WhatsApp, ta turo hoto, a tura kuɗi, ɗan sahu ya kawo. Ita ma ki sa kuɗin kawowar a lissafi, da kuma ranar da abin da ya zo ba shi ne na hoton ba, don ba kowacce ce take rubuta sunanta a cikin ƙunshi irin na dillalan Kurmi ba.

Za ki ce to wadda ba ta da sana'a fa, ai ita lokacinta ba kuɗi ba ne. Haba 'yar uwa. Ki sa a kira mai wanki da mai wanke-wanke da mai raino su yi miki aikin wuni ɗaya ki ji abin da za su caje ki. Don ba a biyan ki ba shi ne aikin ba shi da daraja ba. Haka in maigida ne mai cefane, kamar yadda yake a yawancin gidajenmu, kafin ki tasa shi gaba da mitar wai mijin wance a 'Yan Kaba yake sayowa, ki tuna shi ma shago ya rufe ko aiki ya bari, ga man babur.

Ban kuma manta da ɗaya ɓangaren ba. Akwai macen da fitar ita ce ribar. Ta yi wata ba ta leƙa titi ba, ta nemi izini ta shirya, ta biya ta gaida gyatumarta a hanya, ta ga sabon yayi, ta sha iska ta dawo da labari. Wannan ko an ci ta naira 500 a lissafi ba ta yi asara ba, sai dai ta kira abin da sunansa, ta ce fita ta yi, kada ta zo gidan biki tana yi mana gorin ta fi mu iya tattali.

Abin da na ga mata da yawa sun koma yi tun bayan tashin mai na 2023 shi ne haɗa hannu. Gida huɗu ko biyar a layi ɗaya su tara kuɗi a farkon wata, mutum ɗaya ya je Dawanau ko Singa, ko a ba wani amintaccen ɗan sahu, a sauke buhu da katan a zaure ɗaya a raba da kwano ɗaya a gaban kowa. Kuɗin mota ya rabu biyar, buhu bai daɗe a ɗaki ba balle ƙwari su same shi, kuɗin kowa bai kwanta da yawa ba, mata huɗu kuma suna gida a kan aikinsu. Rigimarsa ɗaya ce, wa zai je wannan watan, kuma in an auna an ga buhu bai cika kwano 40 ba wa zai ɗauki giɓin. Masu yin abin da suka daɗe ba su ɓata ba, tun ranar farko suke yanke waɗannan biyun, su kuma fitar wa wadda ta je kuɗin wuninta daga cikin ragin kafin a fara awo.